Masu yi wa jami'ar Maldives dariya, da wane mudu kuke awo?

Wannan jadawalin da ya jera jami'o'in duniya bisa matsayi, wanda aka yi ta yawo da shi, da maganar da wani malaminmu ya ɗora a kansa, wai Maldives, ƙasar tsibiran nan ta tekun Indiya, ai otal ce mai tuta, me za a karanta a jami'arsu in ba ninƙaya ba, wallahi ta ɓata min rai. Jama'a kuma suka bi layi suna tafa masa. Malam, da girmanka da iliminka, wannan magana ba ta dace da kai ba. Ka ɗauki mudun da aka yi don wasu ka auna wasu, sannan ka ce kayansu bai cika ba.

Jami'ar Ƙasa ta Maldives, wadda ake taƙaitawa MNU, ranar 15 ga Fabrairu 2011 aka buɗe ta da sunan jami'a, zamanin shugaba Mohamed Nasheed. Wanda ya tsaya a nan zai ce jaririya ce. To, saiwarta tana can 1973, lokacin da ma'aikatar lafiya ta buɗe wata 'yar cibiya ta horar da ma'aikatan lafiya. A tsakiyar shekarun 1970 aka yi cibiyar koyon sana'a, ta masu gyaran inji da aikin lantarki. A 1984 aka yi makarantar horar da malamai. A 1987 aka yi ta aikin otal da girki, shekara 15 bayan an buɗe masaukin 'yan yawon buɗe ido na farko a 1972. Ranar 1 ga Janairu 1999 aka tattara su a inuwa ɗaya, aka kira ta kwalejin ilimi mai zurfi, ta kuma ƙara shekara 12 a haka kafin a ce mata jami'a. Shekara 38 ke nan daga ajin farko zuwa allon suna. Kowane ɓangare kuwa giɓi ne ya haife shi: babu nas, aka horar da nas, babu malami, aka horar da malami. Da wannan ake auna ta, giɓi nawa ta cike.

Ku dubi ƙasar tukuna. Tsibirai kusan 1,200 ne, waɗanda mutane ke zaune a kai ba su kai 200 ba, a warwatse tsawon sama da kilomita 800 daga arewa zuwa kudu. Ƙidayar 2022 ta samu mutum dubu 500 da ɗoriya har da baƙi, 'yan ƙasa zalla ba su kai dubu 400 ba. Ƙaramar hukumar Nassarawa ta Kano kaɗai ta fi su yawa tun a ƙidayar 2006. Amma tsibirin da ke da mutum ɗari shida, shi ma sai an ba shi makaranta, da asibitin sha-ka-tafi, da gidan janareta. Yana bukatar malamin lissafi, da ungozoma, da wanda zai tashi cikin dare in injin wuta ya mutu, don babu maƙwabcin gari da za a hau babur a je. Shekara da shekaru baƙi ne ke riƙe da yawancin irin waɗannan gurabe, malamai daga Indiya, likitoci daga Indiya da Nepal da Masar. Kwangila ta ƙare, mutum ya haɗa jakarsa, ajin ya zauna babu malami har a samo wani. Tsohuwa ta zo asibiti tana bayanin ciwonta da harshensu na Dhivehi, likita ba ya ji, sai an nemo tafinta. Duk ranar da 'yar tsibirin ta dawo da shaidar aikin jinya ta zauna a wannan kujerar, jami'a ta yi aikinta. Wane jadawali ne ke ƙirga wannan?

Shi ya sa ba su tara komai a Male, babban birni, ba. Akwai reshe a Kulhudhuffushi a arewa, da Gan a yankin Laamu, da Thinadhoo, da Hithadhoo a Addu can ƙarshen kudu. Tsibirin Male ɗin kansa bai wuce murabba'in kilomita biyu ba, kusan kashi 40 cikin ɗari na jama'ar ƙasar suna cunkushe a cikinsa da kewayensa, kuɗin haya kuwa yana iya fin ƙarfin iyayen ɗalibi ko da karatun kyauta ne. Sai aka ɓullo da tsarin da ma'aikaci zai zo ya yi 'yan kwanaki a jere a aji, ya koma tsibirinsa ya ci gaba ta intanet, yana aikinsa yana karatu. Tsarin yana da inda yake ɗingishi. Daga watan Mayu in iskar damina ta taso teku ta yi fushi, jirgin ruwa ya fasa tafiya, ɗalibi ya rasa kwanakin ajinsa. A ce aji na ɗalibai takwas ne, albashin malami ɗaya ne da na mai ɗalibai tamanin. Ɗakin gwaje-gwaje ba ya rabuwa gida biyar, don haka duk karatun da ke son kayan aiki masu tsada yakan koma Male dole.

Akwai kuma tsani, wanda masu dariya ba su san da shi ba. Hukumar tantance shaidar karatu ta ƙasar ta jera mataki goma: ɗaya zuwa huɗu satifiket, biyar difloma, bakwai digirin farko, tara digiri na biyu, goma digirin dakta. Yara da yawa a aji goma suke tsayawa, don ba kowane tsibiri ke da aji 11 da 12 ba. Jami'ar ba ta rufe musu ƙofa, akwai karatun share fage, yaro ya hau daga satifiket zuwa difloma zuwa digiri, yana iya tsayawa ya yi aiki ya dawo.

Wani zai ce ai tura yara waje ya fi arha. Sun yi wannan shekaru aru-aru, zuwa Indiya da Sri Lanka da Malesiya da Masar, da dala ake biya, giɓin kuma bai rufe ba. Bar wannan maganar. Makarantar likitanci ma sai 2018 suka buɗe ta, kuma jinkirin daidai ne. Gini ba ya koyar da likita. Gadon asibiti, da marasa lafiya iri-iri, da manyan likitocin da za su zagaya da ɗalibai su ne ke yanke yawan waɗanda za a ɗauka, kuma babban asibitin Indira Gandhi na Male a 1995 ya fara aiki. Sun ɗauki ɗalibai kaɗan, daidai gadajen da suke da su. Wannan hankali ne.

Wani kuma zai ce ina bincike, ina maƙalu? Jadawalin nan maƙalu yake ƙirgawa, da yawan masu ambatonsu, da ɗalibai baƙi, da ra'ayin farfesoshin wasu ƙasashe. An yi shi don jami'o'i masu malamai dubbai. Binciken da Maldives ke bukata yana bakin ƙofarta: murjanin ƙarƙashin teku da ke mutuwa in ruwa ya yi zafi, kifin tuna, da ƙasar da kusan kashi 80 cikin ɗari nata bai kai mita ɗaya sama da teku ba.

In ana son suka ta gaskiya, ga ta. A 2019 gwamnatin shugaba Ibrahim Mohamed Solih ta mayar da digirin farko kyauta. Abu ne mai kyau, amma ɗalibai a shekara guda suke ƙaruwa, malami mai digirin dakta kuwa sai an yi shekaru ana renonsa. Kuɗin duk daga baitulmali yake, baitulmali kuma ya dogara da baƙi masu yawon buɗe ido. A 2020 da korona ta rufe filayen jiragen sama tattalin arzikin ƙasar ya faɗi da kusan kashi ɗaya cikin uku. Wanda ya kawo wannan zan saurare shi, don ya taɓa inda ke ciwo.

Af, tunda wasu sun ɗauka Turawa ne ke zaune a can: Musulmi ne, har jami'ar Musulunci ta gwamnati suka buɗe a 2015. Rubutunsu, Thaana, daga dama zuwa hagu ake yin sa, an samo haruffansa tara na farko daga lambobin Larabci ɗaya zuwa tara, wasulansa kuma fataha da kisira da rufu'a ne, har da sukun. Duk wanda ya yi allo, in ya ga jaridarsu zai gane wasulan nan take. Da shi suke rubuta doka da takardun ofis har gobe, a waya ma yana nan.