Aberystwyth: jami'ar da talakawa suka tara wa kuɗi kafin gwamnati ta kula ta

Jama'a, duk lokacin da aka zo zancen jami'o'in Birtaniya sai bakin kowa ya tafi Oxford da Cambridge. Ni kuwa a ganina, mai son fahimtar yadda al'umma ke gina makaranta da guminta, ta kuma riƙe ta shekara 150, ya kamata ya duba Aberystwyth, wani ƙaramin gari a bakin teku a yammacin Wales, ɗaya daga cikin yankunan Birtaniya. Daga Birmingham tafiyar kusan awa uku ce a jirgin ƙasa, a bi ta Shrewsbury da Machynlleth, kuma a garin layin dogon yake ƙarewa.

A tsakiyar ƙarni na 19 Scotland na da tsofaffin jami'o'inta, Ingila na da nata, mutanen Wales kuwa in ban da kwalejin horar da limaman coci ta Lampeter ba su da inda ɗansu zai yi digiri a gida. Wani ma'aikacin gwamnati ɗan Wales mazaunin Landan, Hugh Owen, shi ya ɗauki abin a ka. Ya yi shekaru yana haɗa kwamiti, yana bin masu hali, yana zaga garuruwa. Kuɗin ba su taru yadda ake so ba, amma sai ga dama ta faɗo daga karayar arzikin wani.

Jirgin ƙasa ya iso Aberystwyth a 1864. Ɗan kwangilar layin dogo Thomas Savin ya lissafa cewa masu yawon shaƙatawa za su yi ta kwararowa, sai ya sayi wani gida a bakin ruwa da John Nash ya zana tun wajen 1795, ya ɗauko mai zanen gini John Pollard Seddon ya ce a mayar masa da shi katafaren otal. An yi aikin cikin gaggawa da ɗaruruwan ma'aikata. A 1866 Savin ya karye, ginin bai kammala ba. Abin da ya ci kusan fam 80,000 kwamitin Hugh Owen ya saye shi a 1867 kan fam 10,000. Wannan shi ne ginin da yau ake kira Tsohuwar Kwaleji. A watan Oktoba na 1872 aka buɗe ƙofa da ɗalibai 26, ƙarƙashin shugabancin Thomas Charles Edwards.

Sayen gini daban, biyan albashin malamai kowace shekara daban. Gwamnati a Landan ba ta ba su ko sisi ba a shekarun farko. To me suka yi? A 1875 aka ware Lahadin ƙarshe ta watan Oktoba aka yi karo-karo a majami'u a faɗin Wales, aka kuma bi gida-gida. Fiye da mutum 70,000 suka bayar, yawancinsu masu haƙar kwal, masu fasa dutse da ƙananan manoma, kowa da 'yan kwabbansa. Jimillar kuɗin ba ta kai abin da attajiri ɗaya irin David Davies na Llandinam, mai ma'adinan kwal, zai iya bayarwa shi kaɗai ba, kuma shi ma ya bayar da yawa. Amma amfanin karo-karon ya wuce adadin kuɗin. Mutum 70,000 sun zama masu ganin makarantar tasu ce, kuma ba a daɗe ba aka ga ranar hakan.

A 1881 kwamitin da gwamnati ta kafa ƙarƙashin Lord Aberdare ya ba da shawarar a yi kwaleji biyu kacal masu samun tallafi, ɗaya a kudu ɗaya a arewa. Cardiff ta samu a 1883, Bangor a 1884, kowacce da fam 4,000 a shekara. Aberystwyth da ke tsakiya aka bar ta a rana, ana sa ran ta mutu da kanta. Tsofaffin ɗalibai da majami'un da suka yi karo-karo suka tashi da ƙorafi da takardun koke har gwamnati ta sassauto ta ba da wani abu. Sai kuma a watan Yulin 1885 gobara ta tashi daga ɗakin gwajin sinadarai ta cinye ɓangaren arewa na ginin, mutum uku cikin masu kashe wutar suka rasu. Makarantar da babu mai ita da nan ta ƙare. Wannan kuwa jama'a suka sake zuba kuɗi, aka dawo da Seddon ya sake gini, tallafin gwamnati ma daga baya ya kai daidai da na sauran biyun. Rufin babban filin da ke tsakiyar ginin wani ɗan Wales mazaunin Melbourne ne ya biya, kayan ɗakin karatu kuma 'yan Wales mazauna Amurka. A jikin hasumiyar kudu akwai zanen ƙananan duwatsu masu launi da C. F. A. Voysey ya tsara, yana nuna Archimedes, masanin lissafi na tsohuwar Girka, ana miƙa masa alamun kimiyya da masana'antu, har yau ana ganinsa daga bakin ruwa.

An fara karɓar mata a 1884, aka buɗe musu masauki na musamman, Alexandra Hall, a 1896 a ƙarshen titin bakin teku. A 1893 Aberystwyth da Cardiff da Bangor suka haɗu suka zama Jami'ar Wales mai ba da digiri ɗaya, tsarin da Aberystwyth ta zauna a ciki har 2007 lokacin da ta tsaya da ƙafarta. Sashen shari'a na 1901 shi ne na farko a Wales.

Shekarar da ta fi ba ni sha'awa ita ce 1919, domin a nan ne aka ga bambancin kyautar da aka watsa da kyautar da aka ɗaure wa aiki. Abin da muke kira waƙafi ke nan, a ce ga dukiya, ga abin da za ta yi, ba a taɓa ta don wani abu.

Na farko, jikan wancan David Davies, shi ma sunansa David Davies, wanda ya ga yaƙin duniya na farko da idonsa, ya haɗu da 'yan'uwansa mata Gwendoline da Margaret suka ajiye fam 20,000 don kujerar farfesa ta nazarin siyasar ƙasa da ƙasa, da sunan Woodrow Wilson, shugaban Amurka na lokacin, don tunawa da ɗaliban da suka mutu a yaƙin. Ita ce irinta ta farko a duniya. Alfred Zimmern ne ya fara hawa. A 1936 aka ba E. H. Carr, wanda a 1939 ya fitar da littafin The Twenty Years' Crisis yana sukar irin dogaron da shi mai waƙafin ya yi da Majalisar Ƙasashe ta wancan zamani. Davies bai ji daɗin naɗin Carr ba, ya kuma nuna fushinsa a fili, amma kujerar ta zauna a hannun Carr har 1947. Wannan shi ne daidai. Wanda ya ba da kuɗi yana da hakkin faɗin fannin da za a yi nazari, ba shi da hakkin faɗin sakamakon nazarin. Duk ɗalibin da ya karanta hulɗar ƙasa da ƙasa a ko'ina a yau, asalin fanninsa a matsayin sashe mai zaman kansa daga wannan kujera ya faro.

Na biyu, kuma wanda ya fi taɓa rayuwar mutanen da suka yi karo-karon 1875, shi ne cibiyar inganta irin shuka da Laurence Philipps ya ba da fam 10,000 aka kafa, George Stapledon ya shugabanta. Arzikin tsakiyar Wales tumaki ne da shanu, abincinsu ciyawa. Matsalar ita ce irin ciyawar da 'yan kasuwa ke sayarwa an zaɓe shi ne don yawan 'ya'ya, domin shi mai sayar da iri ribarsa ke nan. Irin wannan ciyawa takan yi saurin fitar da kai, kara ya yi yawa, ganye ya yi kaɗan, bayan shekara biyu ko uku ta mutu ta bar fili ga ciyayi marasa amfani. Stapledon da abokin aikinsa T. J. Jenkin suka juya tunanin. Suka bi tsofaffin makiyayu da dabbobi suka shekara aru-aru suna kiwo a kai, suka tono tsiron da ya jure, suka dasa ɗaya-ɗaya a jere da tazara, suna auna yawan ganye, lokacin fitar kai da juriyar sanyi, suna haɗa waɗanda suka fi kyau a keɓe don kada ƙurar furen wata ciyawa ta shigo da iska ta ɓata aikin. Daga nan aka samu irin da aka sa wa lamba S.23, mai ganye da daɗewa a ƙasa, wanda ya bazu a gonakin Birtaniya da wajenta. A shekarun 1930, da kuɗin Julien Cahn, suka hau tsaunuka suka nuna yadda ake farfaɗo da ƙasa mai tsami: a zuba farar ƙasa don rage tsamin, a ƙara takin fosfet, a yi huɗa, a shuka ciyawa gauraye da tsiron da ke saka sinadarin naitirojin a ƙasa, sannan a tsara kiwo kada dabbobi su cinye sabon tsiro kafin ya kafu. Wanda ya tsallake farar ƙasar ya yi asarar irinsa, domin ba zai kama ba. Cibiyar ta koma Gogerddan a wajen gari a shekarun 1950, kuma zuriyar aikin su ne ciyayi masu yawan sukari da ake sayarwa yanzu da suna mai farawa da Aber. Amfanin sukarin shi ne yana ba ƙwayoyin halittar da ke tumbin saniya ƙarfin sarrafa furotin, sai ya tafi ga nama da madara maimakon ya fita a fitsari.

Babban Ɗakin Karatu na Ƙasar Wales ba na jami'ar ba ne, amma ba za a raba su ba. An ba shi takardar kafuwa a 1907, Cardiff ta samu gidan tarihi, Aberystwyth ta samu littattafai, kuma tarin tsofaffin rubuce-rubucen hannu na likita Sir John Williams ya taimaka wajen rinjayar da zaɓin. Dokar 1911 ta ba shi hakkin neman kwafin duk littafin da aka buga a Birtaniya. Yana kan tudun Penglais, inda Joseph Davies Bryan, wanda danginsa suka yi arziki da kantuna a Masar, ya ba kwalejin fili a 1929. Yawancin karatu yanzu a can saman ake yi, cikin gine-ginen kankare na shekarun 1960 da 1970. Ba su da kyawun tsohon ginin, ba zan ce suna da shi ba, amma ɗalibi na fita aji ya gangara da ƙafa ya shiga ɗakin karatu mai miliyoyin littattafai.

Inda na ga waɗanda suka kafa makarantar sun gaza shi ne harshe. Mutanen da suka ba da kwabbansu da harshen Welsh suke magana, suke ibada, amma karatun da aka saya da kuɗinsu da Turanci aka yi shi, domin masu kafawar suna ganin Turanci ne hanyar ci gaba. Gyaran daga malamai da ɗalibai ya zo. T. H. Parry-Williams, mawaƙin da ya lashe manyan kyaututtuka biyu na Eisteddfod, gasar waƙa da adabin Welsh, a 1912 ya kuma maimaita a 1915, ya riƙe kujerar harshen daga 1920 zuwa 1952. A watan Fabrairun 1963 matasa, da yawansu ɗalibai, suka zauna a kan gadar Trefechan suka tare hanya suna neman a ba harshensu matsayi a takardun hukuma. A 1969 Yarima Charles, Sarkin Ingila na yanzu, ya yi zango ɗaya a nan yana koyon harshen a hannun Edward Millward kafin naɗinsa Yariman Wales a garin Caernarfon, ya zauna a masaukin Pantycelyn. A 1974 aka mayar da Pantycelyn masaukin masu magana da Welsh. Da hukumar jami'a ta so rufe shi gaba ɗaya, ɗalibai suka yi zanga-zanga har aka yi alkawarin gyara, aka rufe a 2015, aka sake buɗewa a 2020. Ɗaliban ne ke da gaskiya. Harshe na buƙatar wurin da ake cin abinci da shi, ake gardama da shi da dare, aji kaɗai ba ya isa.

Cikin waɗanda suka ratsa makarantar akwai Frederick Soddy da ya ci kyautar Nobel a fannin sinadarai ta 1921, da Carwyn Jones da ya shugabanci gwamnatin Wales daga 2009 zuwa 2018, da Ahmad Tejan Kabbah, tsohon shugaban Saliyo, wanda ya gama digirin tattalin arziki a nan a 1959.

A 2015 jami'ar ta buɗe reshe a tsibirin Mauritius da aka tsara don ɗalibai 2,000. Waɗanda suka shiga a shekarar farko kusan 40 ne, kuma a 2018 aka rufe da asara. Ba wanda ya roƙi reshen, ba wata buƙata ta musamman da aka ɗaure shi da ita, neman kuɗin makaranta ne kawai a kasuwar da wasu suka riga suka cika. A gwada shi da makarantar likitancin dabbobi da aka buɗe a 2021, ta farko a Wales, tare da Royal Veterinary College, kwalejin likitancin dabbobi ta Landan: shekara biyu a Aberystwyth, uku a can Ingila. Ƙasar da tumakinta suka fi mutanenta yawa ta daɗe tana buƙatar wannan.

Ita kuma Tsohuwar Kwaleji ana kashe mata gomman miliyoyin fam don ta zama wurin baje koli, taro, ƙananan kamfanoni da ɗakunan baƙi. Ina goyon baya, amma da sharaɗi. Ginin dutse da ke fuskantar teku kullum cikin yaƙi yake. A watan Janairun 2014 igiyar ruwa ta farfasa titin bakin tekun har aka kwashe ɗalibai daga masaukansu. Iska na kawo gishiri, ya shiga ramukan dutse da ruwa, in ya bushe ya kumbura ya ɓantare fuskar dutsen. Ƙarafan da magina na da suke ɗaure duwatsu da su suna tsatsa su buɗe su tsaga abin da aka sa su riƙe. In aka yi faci da siminti maimakon kwaɓin farar ƙasa, danshi ba ya samun hanyar fita ta tsakanin duwatsu, sai ya bi ta cikin dutsen ya ci shi. Indararo ɗaya da ya toshe a bayan bango na iya ruɓar da katakon rufi shekara da shekaru ba a sani ba. Masu ba da tallafi suna son biyan babban gyara da za a yi bikin buɗewa, ba sa son biyan mai share indararo sau biyu a shekara. Don haka ya kamata a ware wani kaso na kuɗin ɗakunan baƙin a asusu na dabam tun daga shekarar farko, a rubuta cewa na dutse da rufi ne, kuma kada a bari a taɓa shi ko da an shiga matsin albashi.