Notin juye mai bawul ba ya buɗewa da kansa

Na gaji da jin cewa notin juye mai bawul, wanda ake murɗa ɗan hannunsa baƙin mai ya zubo ba sai an kwance noti ba, girgizar babur za ta buɗe shi a hanya injin ya ƙone. Tsoron yana da dalili, domin injin da ya rasa mai ba ya daɗewa.

Sai dai ba haka aka ƙera shi ba. Sifirin ne ke danne hannun a cikin wani gurbi, sai an ɗaga shi sannan a juya. Wani nau'in ma ba ya buɗewa sai an cusa masa bakin tiyonsa.

Amfaninsa na ga zaren da noti ke shiga. Gidan injin yawanci alminiyom ne, notin kuwa ƙarfe. Wanda ke juye da kansa, ya saba ɗaurewa da ƙarfi, wata rana zaren zai cinye, gyaran kuma ba daɗi. Bawul kuwa sau ɗaya ake ɗaura shi.

Abin dubawa shi ne tsawonsa. Ya fi noti leƙowa ƙasa, don haka babur ɗin da ke bin duwatsu zai iya buga shi. Man kuma ya fi jinkirin tsiyayewa.