Ilimin Zamantakewa Ta Talabijin: Wa Zai Amsa Tambayar Ɗalibi?

A watan Janairun 1971 gidan talabijin na BBC ya fara watsa darussan wata sabuwar jami'ar karatu daga gida a Birtaniya mai suna Open University, wadda ba ta tambayar mai neman shiga ko ya gama sakandare. Ɗalibai wajen 25,000 suka yi rajista a shekarar farko. Harold Wilson ne ya fara kawo maganar a 1963, kafin ya zama firaminista, sannan minista Jennie Lee ta tsaya kai da fata har aka kafa ta. Masu adawa sun yi ta ba'a. Iain Macleod na jam'iyyar masu ra'ayin riƙau ya ce shirme ne kawai. A cikin kwasa-kwasai huɗu na share fage da aka buɗe da su, akwai na fahimtar al'umma, wanda ya haɗa ilimin zamantakewa da tattalin arziki da siyasa da sanin halayyar ɗan'adam da labarin ƙasa.

Ba su ne na farko ba. Tun 1956 wata kwaleji a birnin Chicago na Amurka take ba da darussa ta talabijin, daga baya China ma ta kafa tata jami'ar rediyo da talabijin a 1979. Amma ta Birtaniya ce ta fi ba ni abin dubawa, domin ita ce ta nuna a fili abin da akwatin talabijin zai iya da abin da ya fi ƙarfinsa.

Ni dai ina ganin babu fannin da ya dace da mai karatu daga gida kamar ilimin zamantakewa. Mai koyon haɗa magunguna yana buƙatar ɗakin gwaji. Mai koyon zamantakewa kuwa a cikin abin nazarinsa yake kwana yake tashi. Ma'aikacin masana'anta da ya dawo daga aikin dare ya kunna talabijin ya ji ana bayanin rarrabuwar mutane tsakanin masu hali da talakawa, ba labari ake ba shi ba, rayuwarsa ake fassara masa. Matar gida da ta kwantar da yara ta zauna kallon darasin iyali da rabon aiki tsakanin maza da mata, ta san abin da yaro ɗan shekara 18 a zauren jami'a bai sani ba. Ga kyamara kuma tana iya shiga kasuwa da kotu da unguwar marasa galihu ta kawo su cikin ɗaki, abin da alli da allo ba za su yi ba.

Sai dai fannin nan ba a haddace shi. Masanin zamantakewa ɗan Faransa Émile Durkheim ya nuna a 1897 cewa kashe kai, wanda kowa ke ɗauka sha'anin mutum ne shi kaɗai, yana da alaƙa da ƙarfin zumuncin da ke riƙe da mutum: ya fi yawa a cikin gwagware fiye da magidanta, ya fi yawa a cikin 'yan Furotesta fiye da 'yan Katolika. Ɗalibin da ya ji wannan, in dai yana tunani, tambaya za ta taso masa nan take. To a garinmu fa? Alƙaluman nan wa ya tattara su, kuma iyalai nawa suka ɓoye gaskiya saboda kunya? A nan ne karatun yake farawa, kuma a nan ne talabijin yake yin shiru. Malamin da ke cikin akwati ba ya ganin hannun da aka ɗaga. Ya riga ya wuce zuwa batu na gaba.

Waɗanda suka tsara jami'ar Birtaniya sun gane haka tun farko. A wancan lokacin shirin talabijin ɗan ƙaramin kaso ne na karatun mako. Mafi yawan aikin yana cikin littattafan da ake aika wa ɗalibi ta gidan waya. Kowane ɗalibi yana da malamin da zai karanta jingarsa, ya yi masa gyara a rubuce, ya mayar masa. Akwai cibiyoyin karatu a garuruwa inda ake haɗuwa da yamma a yi muhawara, akwai kuma mako guda na zama tare a lokacin bazara. A watan Disambar 2006 aka daina watsa darussan ta BBC gaba ɗaya, jami'ar kuma ba ta girgiza ba. Da talabijin ne ginshiƙinta, da ta faɗi a ranar.

Masu cewa digirin gida bai kai na aji ba suna da ƙanshin gaskiya a wuri ɗaya: kaɗaici. Ɗaliban nesa da yawa suna barin karatu a hanya, ba don kwakwalwarsu ta gaza ba, sai don babu wanda zai lura ranar da suka fara ja da baya. Amma maganin wannan ba rufe ƙofa ba ne. Ƙarin malamai ne masu bibiya.

Abin da ya sa batun ya dame ni shi ne mu ma a Najeriya muna kan wannan hanya. Gwamnatin Shehu Shagari ta kafa Jami'ar Karatu Daga Gida a 1983, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, sai a zamanin Obasanjo aka farfaɗo da ita. A lokacin kullen korona na 2020 jihohi irin su Kano da Kaduna sun riƙa sa darussa a rediyo da talabijin. Yanzu kuma bidiyo a waya ya zama ruwan dare. Tsorona shi ne masu tsara manufa su ɗauka in an ɗauki hoton malami yana magana an watsa, an gama. Ɗaukar hoton shi ne ɓangare mafi arha, shi ne kuma mafi daɗin nunawa a bikin ƙaddamarwa. Biyan malamin da zai zauna ya karanta rubutun ɗalibi layi-layi ba ya fitowa a labarai, shi ya sa shi ake fara zaftarewa.

Sannan akwai maganar misalai. In darasin share fage ya ƙare a kan iyalin miji ɗaya da mata ɗaya da yara biyu a bayan garin London, ɗalibin Gusau ko Maraɗi zai ci jarrabawa ya fita bai fahimci gidansu ba. Alhali abin nazari yana nan jibge: zaman kishiyoyi, auren zumunci, adashi, almajirci, sarauta, dangantakar ubangida da yaronsa a kasuwa. An ma yi bincike a kansu. M. G. Smith ya nazarci tsarin sarautar Zazzau, Polly Hill ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina tana bin yadda arziki da talauci suke rabuwa tsakanin manoma, Abner Cohen ya binciki Hausawan Sabo a Ibadan da yadda amana ke riƙe da cinikin shanu da goro. Tun a ƙarni na 14 Ibn Khaldun ya yi bayanin asabiyya, wato haɗin kan da ke kafa daula, da yadda jin daɗi yake raunana shi. Malaminmu na makarantar zaure ba baƙon wannan suna ba ne. Me zai hana a fara daga nan, sannan a ƙetara zuwa Durkheim da takwaransa na Jamus Max Weber?

Wadda na fi tunawa ita ce matar da aka aurar bayan sakandare, wadda fita zuwa aji kullum ba za ta yiwu mata ba. Darasin nesa shi ne ƙofarta. A shirya mata shi da Hausa da Turanci, a sa shi a rediyo ma saboda wutar lantarki ba ta da tabbas, a maimaita shi a lokacin da aikin gida ya lafa. Kafin ta biya kuɗin rajista kuma, haƙƙinta ne makarantar ta faɗa mata sunan malamin da zai duba jingarta, da kwanakin da zai ɗauka kafin ya mayar mata, da ranar da za ta zauna da sauran ɗalibai a cibiya mafi kusa da ita.