Gwamnan Banki a Teburin Mai Shayi

A watan Janairun 2024, lokacin da hunturu ya kankama a Jos, aka aiko wa kawuna mai shayi da goron ɗaurin aure daga Bauchi, kuma da yake yaron da ke taya shi aiki ya tafi ganin gida, sai ya nemi in tsare masa teburinsa na kwana biyu. Na amsa nan take, domin ina da difloma a fannin akanta wadda ta shekara biyu tana barci a ƙasan akwati, kuma a ganina wanda ya koyi daidaita lissafin kamfani ba zai kasa haɗa ruwan zafi da madara ba.

Teburin yana gefen titin Bauchi, kusa da tasha. Kawu ya kafa shi ne bayan gobarar da ta cinye babbar kasuwar Terminus a 2002, wadda ta raba shi da rumfarsa ta yadi, kuma tun daga lokacin yake fitowa ƙarfe huɗu na dare ya hura wuta. Ni ma haka na yi a ranar farko, sai dai garin da ke bisa tsauni mai tsayin fiye da mita 1,200 ba ya yi wa kowa ragi a irin wannan wata, don haka sai da na ƙarar da rabin kwalin ashana kafin yatsuna su yarda su riƙe tsinke ɗaya da kyau.

Ana sallame sallar asuba benci ya cika. Ga direbobin tasha, ga 'yan dako masu sammakon zuwa Farin Gada sauke tumatir da kabeji, ga masu keke, ga kuma wani dattijo mai gadi da ya kwana a bakin aiki, wanda kowa ke kira Baba. Wannan ya ce mai kauri, wancan ya ce ruwan bunu, amma mafi yawansu cewa kawai suke yi a ba su irin na kullum, alhali ni ban san kullum ɗin kowa ba. Da na haɗa na Baba sai na ɗauki kofi biyu domin in sheƙa shi ya huce, kamar yadda na sha ganin Kawu yana yi, hannu ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, shayin yana saukowa kamar igiya. Tawa igiyar ta kauce wa kofin ƙasa ta sauka a kan takalmin dattijon. Ya dubi ƙafarsa, ya dube ni, sannan ya ce cikin natsuwa, "Ɗana, cikin nake so ka ɗumama mini, ƙafar tana da safa."

Na wainar ƙwai kuwa gara a bar shi, domin har wanda ya saya sai da ya tambaye ni ko tasa ce ko ta tanda.

Da na ga hannu ya ƙi, sai na koma inda nake da ƙarfi, wato littafin bashi. Tsohon littafin makaranta ne da maiƙo ya rine, rabinsa ajami rabinsa boko, kuma babu sunan yanka ko ɗaya a cikinsa. Akwai Dogo mai keke, akwai Na Bukur, akwai Mai tari, akwai ma wani da aka rubuta Ba ya gaisuwa. A gaban kowane suna an jera 'yan sanduna, gajere na shayi, dogo na burodi, da'ira kuma ta ƙwai. A matsayina na masani, wannan ya tayar mini da hankali matuƙa, don haka na raba dare da rula da jan biro ina zana layuka, ina mayar da sanduna da da'irori zuwa naira. A nan ne na ci karo da wani mai suna Gwamnan Banki, wanda shi kaɗai ya cinye shafi huɗu tun daga 2019, kuma ba a taɓa soke masa ko sanda ɗaya ba. Da'irorinsa bibbiyu suke tafiya, a wasu wuraren ma har da alamar Indomie.

Washegari na jira sai da benci ya cika maƙil, sannan na buga cokali a jikin kofi na ce ina da sanarwa. Na bayyana musu cewa tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 sukari da madara ba su sake zama wuri ɗaya ba, saboda haka daga yau an rufe bashi, tsohon kuma za a fara biyansa. Na shiga kiran suna ɗaya bayan ɗaya. Dogo mai keke ya zaro kuɗi ya ajiye yana ƙunƙuni cewa shekararsa goma a teburin nan ba a taɓa karanta shi a bainar jama'a ba. Ba ya gaisuwa ya biya rabi ya tashi, kuma ya tabbatar da sunansa, domin ko sallama bai yi ba.

Nasarar ta hau mini kai. Na ɗaga littafin sama na ce duk waɗannan masu sauƙi ne, babban azzalumin shi ne wani Gwamnan Banki, mutumin da ba ya jin kunyar mutane kuma ba ya tausayin dattijon da gobara ta taɓa karya shi, ya zauna shekara biyar yana narkar ƙwai bibbiyu a kan gumin wani. Na yi ta zuba kamar 'ya'yan kanya, har na rantse cewa in na gane shi sai na kai shi gaban mai unguwa. Wurin ya yi tsit kamar ruwa ya cinye su. Kowa ya sunkuyar da kai cikin kofinsa, Baba ya kama tarin da ba na sanyi ba, wani ɗan dako kuma ya ja rawaninsa ya rufe baki kafaɗunsa suna rawa. Ni kuwa na ɗauka wani babban mutum ne suke shakka, abin da ya ƙara tunzura ni ke nan, sai na zaro waya na kira Kawu, na buɗe muryar yadda kowa zai ji.

"Kawu, barka da hanya. Don Allah wane ne Gwamnan Banki a littafin nan? Yau sai an san shi."

Ana jin hayaniyar 'yan biki a bayansa, ya ce, "Au, kai ne mana. Ka manta ranar da ka samu gurbin karatu ka zo nan ka ce wata rana kai za ka riƙa sa hannu a jikin takardar naira? Tun ranar na buɗe maka shafi. Ba matsa maka na yi ba, ɗana, ina jira ne a naɗa ka."

Ban san lokacin da na kashe wayar ba. Dariyar da aka daɗe ana dannewa ta fashe gaba ɗaya, har masu jiran mota a tasha suka leƙo su ga abin da ya faru. Baba ya share hawaye da gefen mayafinsa, ya miƙo kofi da hannu biyu cikin ladabi ya ce, "Ranka ya daɗe, in baitulmali zai iya ɗauka, a ƙara mini sukari." Dogo kuwa hannu ya sa ya kwashe kuɗin da ya ajiye, ya mayar aljihu, ya ce in sake zana masa sandunansa yadda suke, zai biya ranar da Gwamna ya biya.