Yadda na raba dangi gida biyu da launi 256

A gidanmu ni ne "injiniya", don kawai ina da tsohuwar kwamfuta kuma na iya kunna ta. Shi ya sa da bikin ƙanwata ya matso, ba a ma yi shawara ba, aka ɗora min haɗa katin gayyata. Sharaɗi ɗaya amarya ta kafa: "Yaya, ka sa launin anko a ƙasan katin, don na nesa su saya daidai." Mayafi ne ruwan goro mai haske, wanda ta yini tana zagaya Kantin Kwari kafin ta zaɓo.

Kwana biyu na yi ina aiki. Bayan katin ya tashi daga ruwan goro yana sajewa a hankali zuwa ruwan madara, ga hoton amarya a tsakiya, ga ɗan akwatin anko a ƙasa. Ni kaina sai da na tafa wa kaina.

Wajen adanawa ne rowa ta ci ni. Na ga fayil ɗin ya yi nauyi, ga data ta ja baya. Cikin zaɓin manhajar zanen na hango wani mai launi 256, wanda ya mayar da nauyin kashi ɗaya cikin uku. Na zauna na ƙirga launukan da na sani: ruwan toka, ruwan ƙasa, ruwan hoda, ruwan ɗorawa, shuɗi, kore. Da ƙyar na kai ashirin. To me zan yi da fiye da 256? Manhajar ma ta fito da gargaɗi, na danna "to" ban karanta ba, na danne asalin aikin, na tura zauren dangi na WhatsApp, na kwanta.

Da asuba amarya ta kira tana kuka, wai me ya fito mata a fuska. Na duba da kyau. Kumatunta duk ɗige-ɗige kamar mai ƙyanda, bayan katin kuma ya koma ratsi-ratsi kamar zanen saƙi.

Na garzaya shagon wani mai buga kati, ya kalla ya yi dariya har da riƙe ciki. Shi ya fahimtar da ni cewa kowane ɗigo a hoto haɗin ja da kore da shuɗi ne, kowannensu da mataki 256. In an ninka 256 sau 256 sau 256, launi 16,777,216 ke nan. Ni kuwa na cusa su duka cikin jerin 256 da aka riga aka yanka wa manhajar. Wanda ba ta samu ba sai ta ɗauko maƙwabcinsa, ko ta yayyafa ɗige-ɗigen launi biyu don ta yaudari ido. Na ce to mayar min da shi yadda yake. Ya ce, "Malam, ai abin da ka zubar ba ya kwasuwa."

Fuskar amarya dai mun gyara da sabon hoto. Akwatin anko ne babu wanda ya lura da shi. Maƙwabcin da manhajar ta samo wa ruwan goro ya fi kama da ruwan makuba, kuma Gwaggo ta riga ta nuna wayarta a kasuwar Zariya, ta sayo wa ɓangarenta mayafi talatin.

Ranar kamu, hagu ruwan goro, dama ruwan makuba, kamar ƙungiyoyin ƙwallo biyu. Wata baƙuwa har tambaya ta yi ko amare biyu ne.

Na lallaɓa na tsuguna gaban Gwaggo zan fara bayanin miliyan 16. Ta ɗaga min hannu, ta zaro wayarta, ta kara mayafinta a jikin akwatin. Daidai wa daida. Ta ce, "Ɗan nan, mu muka bi kati. Je ka gaya wa amarya ita ce ta yi kuskuren anko."