Ɗaukewar al'ada kafin shekara 40 ba ta nufin haihuwa ta rufe

Yana damuna jin ana cewa matar da al'adarta ta ɗauke da ƙuruciya ta gama haihuwa har abada. Ban ga laifin masu faɗa ba, don ga wadda ta manyanta haka abin yake. Amma idan gidan ƙwai ya raunana kafin shekara 40, sau da yawa yana aiki yana tsayawa ne. Mace mai shekara 32 na iya yin wata shida ba jini, kwatsam ta saki ƙwai. Shi ya sa kusan 5 zuwa 10 cikin 100 na irin waɗannan mata ke samun ciki da kansu. Damar kaɗan ce, gaskiya. Gwajin jini na FSH, wato sinadarin jiki (homon) da ke zaburar da gidan ƙwai, ke tabbatar da matsalar, kuma likita kan ba da maganin homon saboda ƙashi kada ya yi rauni.