Takardar Likita da Bilandar Hajiya

Kwana uku da dawowar Alhaji Tanko daga asibiti, inda aka ce yana da gyambon ciki, sai ya aika a kira masa maƙwabcinsa Malam Ɗan Boko, ya tarar da shi a zaure yana riƙe da ciki, Hajiya Uwani na tsaye a bakin ƙofa.

Alhaji: Malam, duba mini takardar nan, domin tun da muka fara bin umarnin likita cikina yake ci da wuta kamar murhun mai ƙosai.

Malam: Ranka ya daɗe, abin da ya rubuta shi ne "bland diet". Hajiya, me kike ba shi?

Hajiya: Abin da aka ce mana. Yaro ya karanta ya ce bilanda, ni kuwa na aro ta maƙwabta, kullum ina markaɗa tuwo da miya da attaruhu biyar har su zama kamar kunu, sannan in barbaɗa yaji don kada ya ƙi sha.

Malam: Inna lillahi! Ai kalmar ba ta da dangantaka da injin markaɗe. "Bland" shi ne abin da mu muke cewa lami, wato abinci salaf, ba yaji, ba tsami, ba maiƙo mai yawa, irin farar shinkafa da dafaffen dankali.

Alhaji: To me ya hana shi rubuta cewa in ci abincin takaici, kowa ya gane?

Malam: Ai asalinta ba takaici ba ne. Daga Latinanci ta fito, "blandus", ma'ana mai laushi, mai daɗin baki, mai lallashi. Ko a ƙamus ɗin da Samuel Johnson ya fitar a Landan a 1755, ma'anarta taushi ne da sanyin hali, sai daga baya Turawa suka riƙa jingina ta ga miyar da harshe ba ya jin komai a cikinta.

Alhaji: Wannan kam na yarda, domin duk mai daɗin bakin da ya taɓa cin bashina, da na bincika zancensa na tarar babu gishiri a ciki.

Malam: Ka ma yi amfani da ita daidai, domin ana faɗarta ga mutum, da jawabi, har da fentin ɗaki. Idan ɗan siyasa ya yi sa'a guda yana magana bai ɓata wa kowa rai ba, bai kuma faɗi komai ba, jawabinsa ya zama "bland". Tana da 'yar'uwa, "insipid", wadda ta fi ta zafi, domin likita yana iya umartarka da ta farko, amma ta biyun ba ta fitowa sai wajen kushe.

Hajiya: Ashe shekara talatin ina zaune da kalmar ban sani ba. Mutumin da zan yi masa miyar taushe da tantaƙwashi, ya sharɓe kwano, in tambaye shi yaya, ya ce "ba laifi", wacce daga cikin biyun ta dace da shi?

Malam: Hajiya, ni fassara aka kira ni in yi, ba shari'a ba.

Alhaji: Bar ta, Malam. Yanzu shi wannan lamin, ana iya ɗan ɗiga masa man shanu da yajin daddawa a gefe?

Malam: Da ka ɗiga, ya tashi daga "bland".

Alhaji: To, Hajiya, kada ki mayar da bilandar tukuna, sai na sake ganin likitan mun yi ciniki.